Murya Ko Rai

Da sunan Allah na fara, a zuci, tunda a zuci nake yin komai yanzu.

Sunana Arzika. Amma in ka shiga tasha a Dogon Dutsi ka ce kana neman Arzika, sai a yi ta kallon juna. Ka ce Lasifika, ko mai tallar ƙosai za ta nuna maka inda nake tsayawa a da. Sama da shekara ashirin na yi ina kamasho, ina yi wa motocin wani Alhaji Bube lodi. In na buɗe maƙogwaro na ce Dosso, Yamai, saura mutum biyu, wanda ke shan shayi a ƙetaren kwalta sai ya aje kofi ya sheƙo da gudu. Direbobi kan ce ba kiran fasinja nake ba, razana su nake yi su shiga. Lakwal, wato makarantar boko, aji huɗu na yi na gudu, gonar gadonmu kuwa ba ta ci da gida uku. Maƙogwaron nan shi ne jarina. Da shi na auri Rabi, da shi na yi ginin ɗaki biyu, da shi na ciyar da 'ya'ya biyar.

Na zauna rubuta wannan ne saboda masu irin aikina, da duk wanda muryarsa ta dushe ya ce ai mura ce.

Bayan kaka abin ya soma, lokacin da samari ke ɗaure kaya suna fita ci-rani, tasha ta cika maƙil, mu kuma muke samun na shekara. Na wayi gari murya ta shaƙe. Ban damu ba, don ta saba yi mini haka in lodi ya yi yawa, kwana biyu ta washe. Na sha citta da lemun tsami wurin mai shayi. Mako ya zagayo ba ta washe ba. Na tare mai tallar magani, irin masu ɗaukar tire a ka, ya ba ni kafso ja da rawaya, ya ce ko ƙarfe ne a wuyan zai narke. Abokan aiki suka samu abin dariya, suna cewa batirin Lasifika ya yi sanyi, a kai shi caji. Ni ma na taya su.

A wata na biyu na daina dariya. In na haɗiyi tuwo sai in ji kamar ƙaya ta tsaya, zafin ya harba har cikin kunnen dama. Rabi ce ta fara lura da wandona, ta ga na ƙara wa mazagi ƙulli.

"Baban Hamsatu, ka tahi likita," in ji ta. "Wagga ba mura ta ba."

Na ce mata in na bar tasha wuni guda, kafin in dawo wani ya tsaya a gurbina. Gaskiya na faɗa, amma gaskiyar ce ta ci ni. Da ta matsa, na shiga wani ƙaramin ɗakin magani na kuɗi. Wanda na tarar ya haska mini baki da fitilar salula, ya ce sanyi ne ya kama wuya, ya yi mini allurai. Zafin ya lafa kwana kaɗan, ya dawo da ƙarfinsa.

Daga nan sai 'yan'uwa suka karɓi ciwon daga hannuna. Yayana Nomau, wanda ke riƙe da gonarmu a Ɗan Kassari, ya zo ran kasuwa ya dube ni ya girgiza kai.

"Wanga ba ciwon likita na ba. Mutum shina kuwwa shekara da shekaru, rana ɗaya a ɗauke mai murya? Hannu anka sa maka. In ba hannu ba, to ka taka wurin aljana Doguwa."

Ya kawo turaren hayaƙi da wasu saiwoyi, ya ce masu bori sun ce a nemi baƙar akuya. Ƙanena Sani, mai shagon kayan salula a kasuwa, wanda ba ya wasa da zancen sunna, da ya ji sai ya ce in akuyar nan ta shigo gidan, shi ya fita ke nan. Ya kawo zuma da habbatus sauda, ya zo da wani malami matashi ya yi ta yi mini ruƙiya a kunne har kaina ya yi ciwo. Su biyu suka tsaya a tsakar gidana suna sa-in-sa, wannan ya ce shirka, wancan ya ce ɗan jiya ne zai koya masa addini. Ni da ake faɗan a kaina ina zaune a tabarma, ba wanda ya tambaye ni ko ina iya haɗiye yawu. Na sha zumar a fili, na shaƙi hayaƙin a ɓoye.

Mafi muni ita ce shawarar wata tsohuwa maƙwabciyarmu, wadda ta ce beli ne ya sauko. Aka kira wanzami ya danne mini harshe ya yanke. Na zubar da jini kamar an yanka rago, na yi kwanaki ko ruwa da ƙyar yake wucewa. Don Allah, duk wanda wannan rubutu ya kai gare shi, kada ya bari a sa masa aska a maƙogwaro.

Wajen wata na biyar numfashina ya fara fito, kamar an huda tayar keke. In na kwanta rigingine sai in ji an shaƙe ni. Rabi ba ta ƙara shawara da kowa ba. Ta kai awakinta kasuwa, ta dawo ta tsayar da kabu-kabu a ƙofar gida, ta ce in hau. A babbar likita, wato asibitin gari, muka bi layi tun hantsi har bayan azahar, tsakanin mata masu goyo da wani tsoho da jaki ya harba. Lokotoron da ya duba ni yaro ne, bai kai Sani shekaru ba. Ya saurari ƙirjina, ya lalubi wuyana, ya tambayi tun yaushe. Da Rabi ta faɗa masa, sai ya aje biro. Bai yi faɗa ba, kuma da ya yi faɗan da ya fi mini sauƙi. Ya ce abin da ake leƙa ciki da shi babu shi a nan, mu wuce Yamai, kada mu kwana biyu.

A motar Alhaji Bube muka tafi. Wanda aka tsayar a gurbina ya karɓi kuɗin mutum biyu cif, har da na jaka. Alhaji yana zaune a benci yana jan carbi, ya ɗago hannu ya ce Allah ya sawwaƙe.

Yamai ba garin marar lafiya ba ne, balle baƙo. Muka shimfiɗa tabarma ƙarƙashin dogon yaro a harabar likita, cikin taron masu jinya irinmu. Rabi ba ta jin Zabarmanci ban da gaisuwar fofo, Faransanci kuwa ko a mafarki, amma ita ce mai yawo da takardu daga taga zuwa taga. Yau a ce hoto, gobe a ce analis, wato gwaji, jibi a ce a dawo mako mai zuwa. Kowane ɗaki ka shiga sai ka fito da ordinans, takardar sayen magani, kowace ordinans kuma sai ta ci wani abu daga gidanmu: keken ɗinkin Rabi, katifa, geron da muka aje don damina. A can gida babbar 'yarmu Hamsatu ta bar lakwal don ta riƙe ƙannenta, shekarar ta wuce ta ke nan.

A mako na biyu numfashi ya tsaya mini a kan layi. Na faɗi, aka kwashe ni a guje, na farka na ji iska tana shiga ta wani rami a gindin wuyana. Sun gutsiri nama kuma, sun aika a duba. Sakamakon ya ɗauki makonni. Damina ta same mu a can, in hadari ya taso Rabi ta naɗe tabarma ta ruga baranda, inda mutum ke kwana a zaune don rashin wuri. In na toshe ramin da yatsa ina iya raɗa kaɗan, da ita nake tambayarta ko ta ci abinci, ita kuma kullum ta ce ta ci.

Babban lokotoron mutumin Damagaram ne, mai furfura a gemu, yana magana a hankali. Ya zaunar da mu, ni da Rabi da Sani, wanda ya rufe shago ya biyo mu. Ya tambaye ni ko ina shan taba. Na ɗaga kai; wane ɗan tasha ne ba ya sha? Ya ce kansa ce, ta cinye wurin da murya ke fitowa, kuma da mun zo da wuri da wata magana ake yi ba wannan ba.

"Malam Arzika, murya ko rai. Ba zan iya bar maka duka biyu ba."

Na toshe ramin da yatsa na yi raɗa, na ce in ba murya, ran na mene ne? Ban rufe baki ba Rabi ta ce, "Lokotoro, a cire."

Na juya na dube ta. Ba ta dube ni ba.

"A cire," ta sake cewa. "Ni na san abin da nika son komawa gida da shi."

Ni na dangwala yatsa a takardar yarda da aikin, ba wanda ya kama hannuna. Amma na yi watanni ina jin haushin matar nan kamar ita ta riƙe wuƙar.

A nan dole in faɗi alheri inda yake. Sani ya karyar da kayan shagonsa ya biya aikin, har yau bai taɓa goranta mini ba. Nomau, da na ɗauka zai yi fushi an ƙi akuyarsa, ya sayar da bijimin da yake kiwo ya aiko da kuɗin da buhun wake. 'Yan kamasho, waɗanda kullum muke zage-zage a kan fasinja, suka yi karo-karo suka ba direba ya kawo. Alhaji Bube shi ma ya aiko. Abin da ya aiko, Rabi ta sayi sabulu da sukari, ya ƙare.

Na yi kwanaki ina shirya kalmar da zan rufe bakina da ita. Na ce kalmar shahada ce, ba wata ba. Na yi ta kuwa, a kan gadon da ake turawa. Amma da muka kai ƙofar ɗakin aiki sai na tuna na bar takalmina a baranda, na toshe rami na ce wa mai tura ni, "Takalmina fa?" Shi ke nan. Mutumin da ya yi rayuwa yana cika motoci da baki, maganarsa ta ƙarshe a duniya a kan silifas ce.

Makonnin bayan aikin sun cakuɗe mini, ba zan iya jera su ba. Roba a hanci ana ɗura mini kunu. Wani ɗan bututu a ramin wuya, kanil suke ce masa, wanda dole a cire a wanke safe da yamma, in ba haka ba majina ta toshe shi mutum ya tafi. Rabi ta koya a wurin wata ma'aikaciya mai haƙuri, Allah ya saka mata, har hannunta ya faɗa. Sannan aka shiga gashi, kullum a kwantar da ni ƙarƙashin na'ura. Fatar wuya ta ƙone ta yi baƙi, yawu ya ƙafe, tuwo ya koma kamar yashi a baki. Hanci ma ya aje aiki, tunda iska ba ta bi ta cikinsa: har yau ban san ƙanshin miya ba, ban san ƙanshin ƙasa in an yi ruwan fari ba. Akwai wani Bafillace daga wajen Kore Mairuwa a gadon kusa da nawa, matarsa kan raba fura da Rabi. Shi bai fita da ƙafarsa ba. Ranar da aka naɗe shimfiɗarsa na yi masa hassada.

Ana girbin gero muka dawo Dogon Dutsi. Lokotoro ya ce aiki ya yi kyau, in riƙa dawowa kontrol ana duba ni. Kowa yana ta alhamdu lillahi, na warke. Ba wanda ya faɗa mini yadda ake zama bayan an warke.

Masu zuwa dubiya su zauna su yi mini ihu, kamar kunne aka cire. Wasu kuma su tsallake ni su tambayi Rabi, "Shina cin abinci? Shina gane mutane?" ina zaune ina kallon su. Autata ta ga na yi tari ta wuya, ta ruga bayan uwarta, ta yi mako ba ta yarda ta matso ba. Ba na iya sallama a ƙofar kowa, sai in tafa hannu kamar mai korar kaji. In an gaishe ni a hanya na ɗaga hannu, wanda bai sani ba ya ce girman kai. A masallaci liman ya kai ƙarshen Fatiha, sahu duka ya amsa, ni sai iska ta fita ta ƙarƙashin ƙyallen da nake rufe wuya da shi. Salula ma ta zama banza, duniya duk ta koma aika murya, ni kuwa sai dai in saurara. Ko shayi mai zafi ba na iya hurawa. Kuka in ya zo, hawaye ne kawai da wani huci mai ban kunya.

Sai da bazara ta shigo na yi ƙarfin fita sosai. Wata safiya na sa rigata mai kyau na nufi tasha. Ban san me na je nema ba. Wataƙila na ɗauka za a ba ni yankan tikiti ko tsaron kaya. Tun ban ƙetare kwalta ba na ji ta.

Dosso, Yamai, saura mutum biyu.

Muryata ce. Ba mai kama da ita ba, ita ce, har da 'yar karyewar da nake yi a kan Yamai. Na tsaya tsakiyar hanya har wani ɗan kabu-kabu ya zage ni. Da na ƙarasa sai na ga wata 'yar lasifika ta roba, irin ta masu tallar maganin ɓera, an rataye ta a madubin mota, tana maimaitawa ba gajiya. Ashe wani karen mota ya taɓa ɗaukata a salula ina lodi, shi ne suka zuba a ciki. Motar kuwa ba kowa a cikinta sai mace ɗaya, amma ni ina ta shela saura mutum biyu.

Alhaji Bube ya taso da fara'a ya kama hannuna.

"Lasifika, ka ji ka ko? Ai ba mu yarda sunanka shi ɓace ba. Fasinja sun saba da kai. Wagga ko ba ta neman kamasho, batir ɗai taka ci."

Ya yi dariya, na kusa da shi suka taya shi. Ni da ba a taɓa kayar da ni a cacar baki ba a tashar nan, na buɗe baki, leɓe yana motsi, ƙyallen wuyana yana ɗagawa yana sauka. Na nuna lasifikar, na nuna ƙirjina. Ya ce, "Mi? Mi shika cewa?" yana waiwayen mutane. Daga ƙarshe ya laluba aljihu ya danƙa mini kuɗin kabu-kabu, ya ce in je in huta, rana ba ta da kyau ga marar lafiya. Na saki kuɗin a ƙasa na juya. Har na yi nisa ina jin kaina ina kiran fasinja.

Daga ranar na kwanta na juya wa duniya baya. Lasifika yana tasha yana aiki, ba ya ciwo, ba ya cin abinci. To wannan da ke kwance a ɗaki wane ne? Tuwo sai in taɓa in ture. In Rabi ta zo wanke kanil sai in kawar da hannunta. Sani yakan zauna a bakin gado ya ce, "Yaya, jarrabawa ta, Allah shina tare da masu haƙuri." Gaskiya ce, na sani, amma daga bakin mai murya take fitowa. Wata rana da azahar na fita na tsaya a bakin kwalta, inda manyan motoci ke gangarowa daga Konni. Na daɗe a tsaye. Ina so in ce tsoron Allah kaɗai ya mayar da ni gida, amma har da wani abu: rabin direbobin nan na san su, na san 'ya'yansu, ban ga wanda zan ɗora wa wannan kaya ba.

Rabi ta ji inda na je. Ba ta yi kuka ba. Ta dire kwanon tuwo a gabana har miya ta fantsama.

"Na sai da awakina, na sai da kekena, na kwana ƙasa wata da watanni cikin sauro. In mutuwa kaka so, da ka hwaɗa man tun Yamai, da ban wahala ba."

Na ɗauki gawayi na rubuta a bango: ke kika ce a cire. Ba ta iya karatu ba, sai ta kira Hamsatu. Yarinyar ta karanta mata. Rabi ta ce, "I, ni na ce. Gobe ma in anka tambaye ni, haka za ni cewa." Ta fita.

Da aka yi ruwan shuka na shirya tafiya Ɗan Kassari. Na nuna wa Rabi da hannu cewa gaida Inna za ni. A raina kuwa, so nake in je in kwanta kusa da inda aka binne mahaifinmu, in daina ci, abin ya zo da kansa ba tare da na shafa wa kowa ba.

Inna, mahaifiyarmu, ta tsufa ƙwarai, idonta ya rufe shekaru da suka wuce. Duk tsawon jinyar nan ba a faɗa mata ba. Nomau ya ce zuciyarta ba za ta ɗauka ba, aka ce mata na tafi Kwatano neman kuɗi.

Na isa da hantsi, gari duk ya watse gona. Nomau da iyalinsa suna can suna shuka. Na tarar da ita ita kaɗai a ƙofar ɗakinta, a kan tabarma, rana ta cim mata ba mai jan ta inuwa. Na tsaya. Sai a lokacin na tuna cewa da murya take gane mutane. Na tafa hannu.

"Wane na?"

Na sake tafawa.

"Wane marar kunya na ya shigo gidan mutane ba sallama?" Ta lalubo sandarta ta ɗaga. "In ɓarawo na, babu komi nan sai ni."

Na durƙusa a gabanta, sandar ta sauka a kafaɗata. Na kama hannunta tana fizgewa, na ɗora a fuskata. Ta tsaya. Yatsunta suka bi goshi, suka bi kunne, suka zagaya ƙeya suka daɗe a can. Sannan suka gangaro wuya suka tarar da ƙyalle. Ta ɗaga shi. Numfashina ya hura mata a tafin hannu. Ba ta janye hannun ba.

"Arzika," ta ce. "Wagga ƙeya ta ubanka ta, ko cikin kasuwa ni gane ta. Mi anka yi maka?"

Ta shafa bakin ramin a hankali, gefe da gefe.

"Sun yanke maka magana."

Na matsa hannunta.

"Shi na Kwatanon da sunka ce man." Ta saki ƙyallen. "Ɗiyan banza. Ina zaune ina roƙon Allah shi ba ka kasuwa, ashe lahiya ya kamata in roƙa."

Na kifa kaina a cinyarta, ƙato da ni, ina wannan huci nawa. Ta ƙyale ni na ɗan lokaci. Sannan ta buge ni a kafaɗa.

"Tashi. Tun sahe nika son zagayawa, ba mai kai ni. Kama man sanda."

Na kama bakin sandar na ja ta bayan gida, na jira, na dawo da ita inuwa, na ɗebo mata ruwa. Tun da na dawo daga Yamai ba wanda ya sa ni aiki sai ita, kuma ko sannu ba ta ce ba.

Ban koma ranar ba, ban koma washegari ba. Matar Nomau ba muguwa ba ce, amma damina ba ta barin kowa a gida, tsohuwa takan wuni da ƙishirwa. Ni da Inna muka samu hanyarmu ba tare da mun zauna a kai ba: in na matsa hannunta sau ɗaya, i ke nan, sau biyu a'a. Sauran magana ita ke yi. Ashe matar nan cikinta cike yake da labarai, na yunwar da aka yi tana goyon Nomau, na shekarar da mahaifinmu ya tafi ci-rani a ƙasa ya dawo da fitilar ƙwai guda, na 'ya'ya huɗu da ta binne. Ina ɗanta har na yi furfura ban taɓa ji ba, don duk zuwan da nake yi ni ke cika gidan da surutu, in aje mata goro in koma. Mutanen gari suka samu abin faɗa, wai makauniya da bebe, gida ya haɗu. Da ta ji ta ce, "Ku ce musu ni ban ga na kowa ba, shi ko bai hwaɗi na kowa ba."

Amma ta gano ni. Kwanonmu ɗaya, in an kawo tuwo sai ta riƙa lalubar gefena. Wata yamma ta cafke wuyan hannuna.

"Gehenka bai taɓu ba. Jiya ma haka. Mutuwa ka zo yi man cikin gida?"

Ban matsa ba, ko ɗaya ko biyu.

"To ji nan. Na binne huɗu, ba ni binne na biyar. Ni na riga ka zuwa, ni za ni riga ka tahiya. Kai za ka ɗauke ni, kai da Nomau da Sani. In kun ruhe ni kun dawo, ka yi abin da ka ga dama, ba ni nan balle in hana. Kahin nan, ci."

Ta gutsuro loma ta tsoma a miya ta nemo bakina da ita. Na ci. Kamar yashi, kamar kullum. Ta biyu da hannuna na ɗauka.

Yau damina biyu ke nan ina zaune a Ɗan Kassari. Rabi ta biyo ni bayan 'yan kwanaki, da abin wanke kanil da wankakkun ƙyallaye, ba ta tambaye ni komai ba, ni ma ban rubuta komai a bango ba. Ban taɓa ba ta haƙuri da baki ba, ba halin yi. Na dai saya mata 'yar akuya da abin da na fara samu. Ina jan amalanken Nomau ran kasuwa ina kai wa mutane kaya, jaki ba ya neman kuwwa, in na kaɗa harshe ya ji. Ina zuwa kontrol Yamai, kuma ba na shiga motar Alhaji Bube ko da ita kaɗai ta rage a tasha. An ce mini 'yar lasifikar tana nan tana aiki. Ban yafe ba. Sani ya ce in yafe don Allah, na nuna masa da hannu ya bari tukuna.

Ba zan ce muku ciwon nan ya zame mini alheri ba, masu faɗin irin haka da muryarsu suke faɗa. Har yanzu akwai safiyar da nake farkawa in buɗe baki in kira Hamsatu, sai in tuna. Abin da zan iya cewa shi ne, muryar da ta dushe ta ƙi washewa, a kai ta likita. A bar mai tire, a bar wanzami, a bar 'yan'uwa su yi gardamarsu bayan an dawo. Da na ji maganar Rabi ranar da ta fara faɗa, wataƙila da baki nake ba ku labarin nan. Wanda ya yi mana alheri Allah ya san shi, ya biya shi. Wanda ya yi akasin haka, shi ma Allah ya san shi.

Inna kuwa, da ta ce in jira ta, na ɗauka zancen wata biyu ne ko uku. Jiya ta cinye gefenta ta sa hannu a nawa, ta ce miyar ba gishiri. Sannan ta ce in na je kasuwa in nemo mata irin gujiya mai kyau, baɗi tana so a shuka mata a bayan ɗaki. Na matsa hannunta sau ɗaya.